Kati Na Sha Bakwai

"Wai ita wannan ta iya karatu kuwa?"

Daga kicin Amarya ta jiyo tambayar. Yaya ce ta yi ta, yayar mijinta, wadda suke zaune a ɗakin baƙinta wata goma sha ɗaya ke nan. Mijin ya ce ta iya mana, ai ta yi makaranta. Bai faɗi ajin da ta tsaya ba. Amarya ta gyara ɗaurin zanenta, wanda kwanan nan ya koyi zamewa, ta ci gaba da goge tukunya.

A gida, shekara shida mijin yana aikin gashin ƙashi a asibiti. A nan ƙasar waje kuwa ba a yarda ya taɓa kowa ba sai ya ci jarrabawar baka. Mutum biyu za su zaunar da shi, su ba shi labarin mara lafiya, ya yi tambayoyi, ya faɗi abin da yake zargi da dalilinsa. Sau biyu yana faɗuwa. Ta uku saura kwana tara, kuma daga ita babu wata, sai haɗa kaya.

Yaya ta ci tata shekara takwas da suka wuce, kuma ba ta bari a manta. Ta ce ta gaji da zama mai jarrabawa kuma majinyaciya. Tunda akwai wadda ba ta aikin fari balle na baƙi sai fasa mata faranti a kan matakala, ta zo ta yi amfani.

Yaya ta zaro kati ɗaya daga cikin kwali ba tare da ta duba ba, ta cilla wa Amarya a cinya. Kowane kati labarin wani mara lafiya ne, da Turanci. Ta ce ta karanta a zuci, ta zama mai ciwon, ta amsa abin da aka tambaye ta kaɗai, da Hausa ma ya isa.

Amarya ta daɗe tana kallon katin, har Yaya ta ce ba hadda aka sa ta ba. Sai ta kife shi, ta zauna a bakin kujera.

Mijin ya tambayi inda ke ciwo. Ta ce tsakiyar baya. Tun yaushe? Wata uku. Idonsa na kan takarda ya ce ciwon tsoka ne, gashi da motsa jiki sun wadatar.

Yaya ta buga biro a kan tebur. "Ka kashe ta, Auta."

Ta ce abin da ya kayar da shi ke nan har sau biyu. Yana saurin ba da magani kamar mai talla a tasha, kuma ba ya ɗaga kai ya kalli mutum. Shi kuma ya huce a kan matarsa, ya ce ita ce sai an sa ƙugiya ake ciro mata magana. Amarya ta ba shi haƙuri.

Ya sake daga farko, yana cin magani. Ciwon yana lafawa in ta kwanta? Ta ce ƙaruwa yake, shi ke tashinta kafin asuba. Abinci fa? Ba ya shiga. Ta rame? Ta ce kayanta duk sun yi mata yawa. Ƙafafu? Ta hagu tana yi mata kamar tana taka auduga.

Biron mijin ya tsaya. Ya tambaya ko ta ji wani ƙullutu a jikinta. Amarya ta sunkuyar da kai. Yaya ta ce kunyar banza ba ta cikin jarrabawa.

"Akwai, Likita. A mama na hagu. Ya riga ciwon bayan zuwa."

"Kin gaya wa wani?"

"Maigidana yana da abin da ya dame shi."

Yaya ta yi dariya, ta ce masu katin nan sun san halin maza.

Mijin ya gyara zama. Ya ce wannan ba ta gashi ba ce, ba zai taɓa bayan nan ba. Yana zargin daji ne ya tashi daga mama ya kama ƙashin baya, har ya fara danne jijiya. A tura ta asibiti yau ɗin nan a yi hoto, domin kowane mako da aka ɓata yana iya cin ƙafafunta, ko abin da ya fi ƙafafu. Ya jero dalilansa bai yi tuntuɓe ba.

Yaya ta ce da yau ce jarrabawar, da ya ci. Tunda suka zo ƙasar, Amarya ba ta ga haƙoran mijinta a waje ba sai ranar.

"Ashe gunkin naka ya iya wasan kwaikwayo," in ji Yaya. "Har da dafe baya."

Ta ƙara da cewa kwana taran nan kada wanda ya kawo wa ƙaninta ko da ciwon kai ne. Tana faɗa tana kallon Amarya. Sannan ta ce a kawo shayi.

Amarya ta dafa hannun kujera ta miƙe. A kicin ta ɗora ruwa, ta jingina da bango, ta ƙirga kwanakin da yatsunta. Tara ba su da yawa. Wanda ya yi shiru wata uku ba zai kasa kwana tara ba. Ba za ta gaya wa kowa ba.

Sai ta ga ashe katin yana hannunta. Ta juya shi ta sake dubawa. Har yanzu abu biyu kaɗai ta gane a jikinsa: lamba sha bakwai, da hoton gwiwar wani ɗan ƙwallo.