Wakilin Rafin Tukurwa na Ƙarshe

Makarar baya Honarabul Bature ya zaɓa, don ita ce ba cinkoso.

An idar da azahar a Masallacin Annabi, aka kira sallar gawa yadda aka saba a Madina, ba sunan mamaci, ba na ubansa. Ana sallamewa aka fito da gawarwakin da sauri zuwa maƙabartar Baƙi'a, kowa na kai kafaɗa don neman lada. Makarun gaba sun sha jama'a. Ta ƙarshe kuwa wasu tsirarun baƙaƙe ne masu kaushin hannu ke ɗauke da ita, suna magana da Larabci. Bature ya ɗauka 'yan Sudan ne. Ya kutsa, ya ture wani dogo daga kusurwar gaba da gwiwar hannu, ya karɓe wurin. Gawar ba nauyi, kamar damin kara.

Ya ɗaga waya da hannun hagu, ya gyara fuskarsa ta yi alhini.

"Jama'ar Rafin Tukurwa," ya ce, "ga ɗanku a birnin Manzo, ɗauke da wani bawan Allah da ba shi da kowa."

A ƙofar maƙabarta askari ya ce masa "Mamnu'," wato an hana, sai Bature ya jefa wayar aljihu. Da ya fito ya karkaɗe ƙasa daga hannun rigarsa, ya tura hoton bidiyon a zauren sada zumunta na mutanen garinsu, ya tare mota zuwa unguwar Al-Awali.

Rafin Tukurwa a da mazaɓar tarayya ce mai kujerarta a majalisa. Wakilinta na farko, Sabo mai goro, ya yi zamaninsa bai taɓa miƙewa ya ce uffan ba, har yau kuma ana yabonsa da kawaici. Na biyu, Isah, ya kawo famfo tsakiyar kasuwa. Famfon na nan, ruwan ne ake jira. Na uku shi ne Mahmudu malamin makaranta, wanda tsofaffi ke rantsuwa bai taɓa cin na kowa ba. Bai samu lokaci ba ma. Bai gama sanin hanyar ofishinsa ba sojoji suka rushe majalisar. Da farar hula ta dawo aka sake zana taswira, aka yanka Rafin Tukurwa biyu aka raba wa maƙwabta. Mahmudu ya tafi aikin hajji, bai koma ba.

Yanzu ana maganar ƙirƙiro sabbin mazaɓu, Bature kuma ya sayar da gidan mansa ya ɗinka huluna masu hotonsa, yana neman kujerar. Sai dai dattawan gari sun gindaya masa sharaɗi ɗaya: ba za su tsaya bayan kowa ba sai wanda Mahmudu ya sa wa albarka da bakinsa, su gani, su ji. In babu wannan, abokin hamayyarsa ya ci bulus.

Habu, wani ɗan garinsu mai aikin kemis a unguwar Al-Sih, shi ya binciko masa inda tsohon yake: wata gonar dabino a Al-Awali da ya yi shekaru yana ba ta ruwa. Tun ranar da Bature ya sauka Habu ke kira.

"Honarabul, tsohon fa na jin jiki. Ka je yau."

"Da wace rigar? Babbar na wurin masu guga. Tarihi za a ɗauka, Habu, ba gaisuwar kasuwa ba."

Yau rigar ta dawo, tana ƙamshin sitati.

Motar ta bi tsakanin dogayen katangu, kawunan dabino na leƙowa ta sama, iska na kaɗa su a hankali. Bature ya yi ta bitar jawabinsa. Waya na ta ƙara a aljihu, masu yabo na zubo addu'a. Wani ma ya ce ko Mahmudu a zamaninsa bai yi irin wannan ba.

A ƙofar gonar ya tarar ana jera kujeru sahu-sahu, ana fito da butocin gahawa da farantan dabino. Zuciyarsa ta yi fari. Lallai Habu ya yi aiki, an san da zuwansa. Ya gyara hula, ya kunna waya, ya nufi wani dogon mutum da ke tsaye shi kaɗai, farar rigarsa duk jar ƙasa a gwiwa.

"Salamu alaikum, samari. Ai da ba ku wahalar da kanku ba. Kana jin Hausa?"

"Ina ji, ya ammi," in ji mutumin, yana kiransa baffa da Larabci. "Sunana Walid. Amsawa ce ke ba ni wuya, shuwayya, kaɗan."

"Madalla. Shiga ka ce wa Honarabul Mahmudu magajinsa ya iso daga Rafin Tukurwa. Kalma biyu kawai nake so."

Walid ya daɗe yana kallon rigar, da wayar, da gwiwar hannun da ke riƙe da ita. Idanunsa sun yi ja.

"Abuya, mahaifina, ya jira ka, wallah. Kullum sai ya ce a juya masa gado ya fuskanci ƙofa." Ya shafa haƙarƙarinsa, daidai inda ke masa ciwo tun azahar. "Amma ai kun gana. Kai ka ture ni ka ɗauke shi, ka gaya wa garinsa ba shi da kowa."