Rigar da Baba Mai Guga Ya Ajiye

Baba Mai Guga ya daɗe yana wanki da guga a wani ɗan shago kusa da coci. Shi ke goge rigunan mawaƙa kyauta, shi ke tsaron ƙofa ranar Lahadi. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Allah mai tsarki ne, ba a zuwa gabansa da datti."

Autansa makanike ne, yaro mai hannu, amma giya ta kama shi har ya bar gida.

Wata Lahadi da safe Auta ya zo ƙofar coci, rigarsa duk baƙin mai, bakinsa na warin giya, idanunsa sun yi ja don kuka.

"Baba, na gaji. Ina so in shiga."

Uban ya dubi rigar, ya dubi jama'a. "A haka? Je ka gyara halinka tukuna. Akwai farar riga da na goge maka. Ranar da ka shiryu, ka zo ka sa."

Auta ya juya. Kuma ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya daina sha, ya koma, ya sake dainawa. Duk sanda ya faɗi, sai kunya ta ƙara nisanta shi. In uwarsa ta bi shi gareji, sai ya yi murmushi ya ce, "Mama, saura kaɗan. Ki ce wa Baba kar rigata ta yamutse."

Ana nan, ciwon hanta ya kwantar da shi a asibiti. Da uban ya ce zai kira fasto, Auta ya riƙe masa hannu.

"Kar a kira shi tukuna, Baba. Ban gama gyaruwa ba. Allah ba zai karɓe ni haka ba."

Uwar ta fashe da kuka. "Baban Auta, kai fa mai wanki ne! Wa ya taɓa wanke rigarsa kafin ya kawo maka? Ba saboda masu datti Yesu ya hau gicciye ba?"

Tsohon ya durƙusa bakin gado. "Ɗana, ka zo yadda kake. Ka dogara ga Yesu kawai, shi zai wanke ka. Kana jina?"

Auta bai amsa ba. Ko ya ji, ko bai ji ba, Allah kaɗai ya sani.

Da farar rigar nan aka binne shi.

'Yan'uwana iyaye, ni ma ina da 'ya'ya, kuma abin nan yana tayar mini da hankali. Ceto kyauta ce ta alherin Allah ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu, ba ladan ƙoƙarinmu ba. Kada mu ce wa ɗanmu sai ya tsarkaka zai zo wurin Mai Ceto. Mu buɗe masa ƙofa tun yana iya jin muryarmu.