Mudun da Ba Ya Zama

"A jefa shi tsohuwar rijiya, magana ta ƙare!"

"Jefa mana, Yaya. Amma ran Lahadi kai za ka miƙe gaban jama'a ka ce Baba mai gaskiya ne. Ni dai ba da bakina ba."

Masu wannan cacar baki Istifanus ne da ƙanwarsa Rifkatu, 'ya'yan wani ɗan kasuwar hatsi da ya cika shekara da rasuwa. Mutumin nan dattijon ikkilisiya ne. Shekara talatin yana awo, bai taɓa buɗe rumfa ba sai ya cire hula ya yi addu'a, ran Lahadi kuwa ko buhun gero zai koma kuɗin saniya, kwaɗonsa na ƙofa. An shirya sujadar tunawa da shi, aka ba Rifkatu aikin ba da shaidar rayuwarsa. Ana saura kwana uku suka shiga share sito, sai ga wani tsohon mudu a bayan buhuna, an naɗe shi da tsumma, gindinsa duk tabon guduma.

To, yaran nan boko ya ɗauke su tun suna ƙanana, ba wanda ya taɓa auna ko gero ƙwaya ɗaya. Abu ɗaya suka sani, wanda kowa ya sani: mai tauye mudu da guduma yake gyara gindin kwanonsa. Ga guduma ta yi aiki, ga ɓoyo. Istifanus, mutumin ofis da ko gaisuwa yake yi sai ka ce sanarwar rediyo, ya gyara murya ya ce maslahar iyali ita ce a rufa asiri. Rifkatu kuwa ta tuna yadda uban yake zaunar da su ya ce Allah na kallon hannun mai awo, ta dubi kwanon, ta ji takardar da ta kwana biyu tana rubutawa ta koma ƙarya tun daga layin farko. Ta faɗi ƙarya a majami'a ba za ta iya ba, ta tona uban da ke kabari kuma ba za ta iya ba.

Suna cikin haka Inna Lantana ta yi sallama, tsohuwa mai koko, Musulma, maƙwabciyar rumfar. Ta kawo ƙullin tsamiya gudummawar kunun taro. Istifanus ya yi wuf ya tura mudun bayansa, amma ina, idon mai koko ya riga shi. Ta ajiye tsamiya ta ce, "Kai, ɗan nan, miƙo mini tsohon abokina."

Ba ta yi dogon bayani ba. Ta karɓi mudun ta dangwarar da shi a ƙasa, mudu ya ƙi zama, ya yi ta rangaji kamar ƙwarya. Ta ce, "Na ɓarawo zama yake daram, don ciki ake tura gindinsa. Wannan fa ina ya nufa?" Suka duba, ashe waje aka buga shi, ya yi tulu. Ta ɗauki mudun kasuwa na kowa da kowa, ta cika shi da dawa har ya yi tozo, ta juye a cikin tsohon. Dawa ta kwanta, ta bar wuri. Sai da ta ƙara cikin tafi biyu kafin ya cika.

Nan ta ba su sauran labari. Mudun nan bai taɓa zuwa ƙauye sayen hatsi ba, a can da na kowa yake auna wa manoma. Fitowarsa sai in mace ta zo wadda mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya, ko ta coci ce ko ta masallaci. Sai ya sunkuya bayan buhu yana ƙunƙuni, "Wancan ya yi mini nisa, bari mu yi da wannan tsohon." Ta biya kuɗin mudu ɗaya cif, ta tafi gida da mutuncinta na mai saye, ba wanda ya ce an ba ta sadaka. Su kuwa matan tun ranar farko suka gane, don tukunya ba ta ƙarya. Amma sun lura in aka gode masa sai ya ruɗe ya rasa inda zai sa ido, shi ya sa suka haɗa baki suka yi shiru. Shi yana ɓoye musu, su suna ɓoye masa, har ƙasa ta rufe idonsa. Inna Lantana ta ce 'ya'yanta biyar da wannan cikin tafi biyun suka girma, kuma in Rifkatu na son shaidu, kafin Lahadi za ta tara mata mata ashirin.

Rifkatu ta ɗauki mudun ta rungume, tana shafa tabon gudumar da ɗazu take ƙyamar kallo. Ta yaga takardarta, don ta sami abin da za ta ɗora a kan tebur gaban jama'a. Istifanus ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya gyara murya ya ce, "To, tunda za a nuna wa mutane, a kai wa maƙeri ya daidaita gindin."

Rifkatu ta ƙara rungume mudunta. Hausawa dai sun riga sun faɗa: alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.