Hanyar Saukowa Daga Fiƙra

Da hantsi Hamid ya ajiye mota a gindin dutse, ya raba kaya uku. Tanti a bayansa, tukunya da shinkafa a bayan ƙanensa Saif, jarkar ruwa kuma a hannun Shittu, ɗalibin da ya zo karatu daga Najeriya, yake zaune a saman gidansu a unguwar Harra ta Gabas, a birnin Manzon Allah. Lokacin sanyi ne na 1998. An yi ruwa sosai a shekarar, tafkin da ke can ƙololuwar duwatsun Fiƙra ya cika.

Wata guda Hamid yana cika baki a majalisa, wai ya san Fiƙra kamar yunwar cikinsa. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, sau ɗaya tak ya taɓa hawa, makon da ya wuce, shi ma wani makiyayi ya bi. Duk inda hanya ta rabu, ya ɗora duwatsu uku, ƙarami kan babba. Su yake kallo da wutsiyar ido yanzu, yana gaba yana fito kamar a nan aka yanke masa cibiya.

Shittu ne kurar baya. Kowace kwana sai sun tsaya jiransa, ya iso yana haki, tafin hannunsa duk ƙura, leɓɓansa na motsi da zikiri.

"Yalla, ya shaikh," in ji Saif, "littattafai sun cinye maka ƙafafu."

Shittu ya yi murmushi. "Tafiya ma ibada ce, akhi, in mutum ya buɗe ido."

Kafin la'asar suka isa. Ruwan shuɗi ne, mai sanyin da ke sa haƙori tsami, duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina. Saif ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya ce da wansa ya yarda, shi gwani ne. Hamid ya ji daɗin maganar har cikin ransa.

Washegari da safe Saif ya je wanke tukunya. Ya zura hannu ƙarƙashin wani dutse zai ɗebo yashi, kububuwa ta sare shi a wuyan hannu. Kafin a gama salati hannun ya kumbura har gwiwar hannu. Hamid ya ɗaure masa dantse da gutra, mayafin kansa, ya bar shi wajen Shittu, ya zuba a guje. Saukowa awa uku ce, mota awa ɗaya. Ya lissafa, ya ga akwai rai.

A mararraba ta farko babu duwatsu. Ya ce ko tsoro ne ya rufe masa ido, ya ƙara gaba. A ta biyu ma babu. Sai ya tabbata tun daga bakin tafki ya ɗauki wata hanya daban, ya juya, ya shiga wani kwazazzabon. Kwazazzaban Fiƙra kuwa duk kama ɗaya ne. Sai yammacin rana ta biyu masu cin zuma suka tsince shi, leɓe ya tsage, takalmi ɗaya a ƙafa.

Da masu ceto suka hau, Saif ya cika tun da safe, kansa a cinyar Shittu. Shi ya yi ta ɗiga masa ruwa a baki, shi ya laƙƙana masa shahada.

Aka binne shi a maƙabartar Baƙi'a. Mahaifiyarsu Kaltume magana ɗaya ta yi wa Hamid: "Ka ce ka san hanya." Ba ta sake tayar da zancen ba, ba ta kuma sake cin abin da ya kawo gidan da hannunsa ba. A majalisa, in ya ba da baya, sai a riƙa ce masa "ja-gaba". Zancen duwatsun kuwa ya haɗiye shi. Me zai ce? Ya ce ƙarya ya yi tun farko, sannan alamar da ya sa da hannunsa ma ya kasa gani? Mutane sun tsane shi, amma bai kai yadda ya tsani kansa ba.

Shittu kaɗai ya tsaya masa. Yakan zauna da shi bayan magariba, ya ce ajali ne, babu mai ja da shi. Hamid ya riƙe shi ɗan'uwa a madadin wanda ya rasa, har ya aura masa ƙanwarsa Khalida.

Bayan shekara takwas, Shittu ya gama digirinsa na uku, zai koma gida da iyalinsa. Hamid ne ya yi masa walimar bankwana a wani lambu a kwarin Aƙiƙ. Bayan an ci an wanke hannu, samari suka roƙi Dakta ya yi musu nasiha. Hamid na zagayawa da butar gahawa.

"Kada ku raina aikin lada, ko babu mai ganinku," in ji Shittu. Ya dubi surukinsa cike da tausayi. "Ranar da muka hau Fiƙra, Allah ya jiƙan Saif, ko shi da Hamid ban faɗa musu ba, gudun riya. Na yi ta ganin tsafin jahilan ƙauye a hanya, duwatsu uku-uku an ɗora. Tun daga gindin dutse har bakin ruwa, ban bar ko ɗaya a tsaye ba."