Igiyar da ke Ƙafar Kujera

Dakata, Alhaji, kafin ka kwashe tsofaffin kayan ofishinka ka kai bola. Ni a aji biyu na yi sallama da makaranta, amma misalin nan ko mai digiri ya ji shi sai ya gyara zama.

An yi wani mai kula da ɗakin magani a ƙaramin asibitin wani ƙauye, zamanin da kwamfuta ke da ƙeya kamar tulu. Duk abin da asibitin ke bukata a kwamfutar yake rubutawa, ita kuma ta miƙa wa wani ɗan akwati mai fitilu da ake kira modem, shi ne ke buga lambar babban sito na birni ta layin tarho. Motar sito sau ɗaya take fitowa a mako, ran Laraba da azahar, kuma abin da injin karɓar saƙo na siton ya buga a takarda shi kaɗai ake loda mata. Ran Talata aka ce manya za su zo duba asibiti. Mutumin nan ya dubi igiyar da ta haɗa kwamfuta da modem, kauri kamar wutsiyar bijimi, ga dauɗa, ya ce wannan ai abin kunya ne gaban baƙi. Ya tuge ta ya yar bayan ƙofa, ya maƙala wata sabuwa siririya mai sheƙi da ya samo a kasuwa. Manya suka zo, suka yaba, suka tafi.

Laraba da hantsi aka shigo da wani manomi a amalanke, kububuwa ta sare shi a gona. Kwalba ɗaya ta maganin dafi ta rage. Aka yi masa ita, jini bai daina tsattsafowa daga dasashinsa ba. Sai an ƙara uku. Mai ɗakin magani ya zauna ya rubuta bukata, ya danna a buga lamba. Allo ya sandare. Ɗan ɗigon da ke ƙyafta ido ya tsaya cak, modem ko tari bai yi ba. Ya kashe ya kunna, haka. Ya ɗaga tarho, layi lafiya lau. Ya buga lambar sito da yatsansa ko zai samu mutum, inji ya amsa masa da ƙara kamar gyare. Ya hura bakin igiya, ya mari gefen kwamfuta, har jiƙaƙƙen tsumma ya ɗora wa modem wai ko zafi ne. Sabuwar igiya kuwa bai zarge ta ba, ai sabuwa ce.

Abin da bai sani ba, tsohuwar kwamfutar nan tana da ladabi irin na mutanen da: ba ta furta ko harafi sai modem ya ce mata bismillah, kuma ta wani zare guda a cikin igiya yake faɗa. Sabuwar zare uku ne kacal a cikinta, babu wannan. Kwamfuta na jiran izini, modem na jiran lamba, inuwa kuma na ta guduwa gindin bango.

Matar manomin ta leƙo, zanenta duk jini. “Likita, sun amsa?”

“Saura kaɗan, baiwar Allah,” in ji shi, gumi na ɗiga a kan madannai.

Da ya ji ladan na gwada lasifika don kiran azahar, sai ya dafe kai ya sunkuya. Nan idonsa ya faɗa kan ƙafar kujerar da yake kai tun hantsi. Ga tsohuwar igiya an naɗe ta tam a jiki. Wani mai basira ne ya tsince ta bayan ƙofa jiya, ya ɗaure ƙafar da ke rawa. Kada ka tambaye ni ko wane ne, ɗaurin dai ya yi kyau, don sai da haƙori aka kwance shi. Sai a lokacin ya tuna cewa daga makon jiya zuwa yau ita kaɗai ce aka sauya. Ya mayar da ita, kujera ta wargaje, ya danna yana durƙushe. Modem ya yi kukansa mai daɗi, fitilu suka yi ta gudu, saƙo ya fita ladan na kabbarar farko.

Da la'asar sakaliya mota ta tsaya ƙofar asibiti da kwalba uku. Manomin nan shi ya yanke geronsa da hannunsa a shekarar. Amma awa ukun farko da ya yi yana zubar da jini, mai ceton nasa zaune yake daram a kan mafita, yana marin kwamfuta.

To, Alhaji, ga kwandon shara, ga kayanka. Hausawa dai sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.