Tsuntsun Dakta Nabhan

A tsibirin Farasan, baƙo bai taɓa neman abu ya rasa ba.

Dakta Nabhan, masanin tsuntsaye, ya iso da bazara, lokacin da kowane gida ke kafa wa tsuntsaye masu ƙaura raga. Ya nuna wa Abkar, mai masaukinsa, hoton wani tsuntsu.

"Na tsufa ina neman ganinsa. An ce guda ɗaya tak ya sauka nan."

"Wannan ɗan firit ɗin? Huta abinka, Dakta."

Washegari da azahar aka dire tiren shinkafa, ɗan soyayyen tsuntsu a tsakiya, gashinsa a faranti.

"Gwada da hotonka," in ji Abkar, "kada ka ce na musanya maka."

Dakta ya gwada. Shi ne. Ya ajiye kyamara, ya wanke hannu, ya yi bisimilla.