Baduku da Kwanon Maƙwabcinsa

Tun ɗazu nake ganin kana dafe ciki kana yamutsa fuska, na tambaye ka, ka ce ba komai. To, gyara zama in ba ka misalin wani baduku.

Shekara ashirin mutumin nan yana ɗinkin takalma a kasuwa, rumfarsa na jingine da ta wani mai ɗinkin jaka. Ciyayya suke yi: yau a kawo abincin rana daga gidan wannan, gobe daga gidan wancan. Ana nan sai ciwon ciki ya sa badukun gaba. Yakan yi kwana uku, wani lokaci huɗu, bai zaga ba. In ya je kuwa sai ya yi ta nishi, abin da zai fito 'yan ƙanana ne masu tauri kamar na akuya, ya taso yana jin da saura. Da la'asar cikin ya kumbura ya yi tam kamar ganga, har sai ya sassauta mazagin wando. A hankali ya lura abin ya fi tsanani ran da aka ci daga gidan maƙwabcin. Bai gaya wa kowa ba, don a ganinsa maganar bayan gida ba ta dace da bakin dattijo ba. Shi kaɗai ya yi ta saƙa da warwara, har zuciya ta raya masa cewa sammu ake ba shi don a gaje rumfarsa. Sai ya janye hannu daga kwanon. In an kawo ya ce ya ƙoshi, ya koma gefe da burodi da shayi. Ya sayi maganin wankin ciki wurin masu talla, ya yini yana zarya har ƙafafunsa na rawa, bayan kwana biyu cikin ya sake ƙullewa fiye da da. Maƙwabcin ya ga canji bai san laifinsa ba. Hira ta mutu, gaisuwa ta koma ta fatar baki, mutum biyu suna ɗinki kusa da juna kamar ba su taɓa haɗa kwano ba.

Matarsa ce ta gaji da ganinsa haka, ta ce, "Malam, ko dai ka je asibiti gobe, ko in je in gaya wa yayanka." Ya tafi yana jan ƙafa, ya riga ya yanke wa kansa cewa mummunan labari zai ji. Likita ya tambaye shi ko yana ganin jini, ya ce a'a. Ko yana ramewa ko zazzaɓi, ya ce a'a. Ko ciwon kan lafa in ya samu ya zaga, ya ce ƙwarai kuwa. Aka danna cikin, aka yi gwaje-gwaje, sannan likitan ya ce, "Baba, ba guba a cikinka, ba ƙari. Hanjinka ne mai saurin fushi. Damuwa na tayar da shi, wasu abinci na tayar da shi, yawan zama da ƙarancin ruwa na sa shi nawa. Ba ya kisa, sai dai yana son lallashi." Da badukun ya yi ƙarfin hali ya ambaci kwanon maƙwabci, sai likitan ya tambaye shi me aka saba kawowa daga can. Yana fara lissafawa ya gane bakin zaren. Matar maƙwabcin gwanar wake ce: yau ɗan wake, jibi alala, citta shinkafa da wake an yanka albasa fal a kai. Ya sauke ajiyar zuciya mai nauyi, ya ji kamar an ɗauke masa buhun gero daga ƙirji, kunya kuma ta rufe shi.

Daga ranar ya ajiye tulu kusa da ƙafarsa yana kurɓa a kai a kai. Ya bar hawa babur, yana takawa zuwa kasuwa. Miyar kuɓewa da zogale da gwanda suka shigo gidansa kaɗan-kaɗan, maganin wankin ciki ya fita. Ya daina matse bukata don wai ga mai ciniki a tsaye. Ba a kwana ɗaya ya ga sauƙi ba, sai da aka yi makonni, kuma har yau in hankalinsa ya tashi cikin kan yi masa gunaguni, amma yanzu ya san da wa yake faɗa. Abin da ya fi masa wuya shi ne tsallaka taku biyun nan zuwa rumfar maƙwabci. Ya je, ya tsuguna, ya faɗi komai har da zargin. Maƙwabcin ya ajiye basillar da ke hannunsa, ya ce, "Allah ya yafe mana. Kai ma dai, da ka ce wake ne, ai da tuni tuwo ake tuƙo maka."

To, kai ma tashi ka je a duba ka, kada ka zauna kana yi wa cikinka fassara kai kaɗai. In kuwa ka taɓa ganin jini ko kana ramewa, kada ma ka bari gobe ta yi. Wata shida bawan Allahn nan ya yi yana tsoron mutuwa, ya kusa rasa amininsa, a kan abin da tambaya huɗu ta warware. Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.